Hayaƙin da ke ɗumama duniya: mu na ƙananan garuruwa, me ke hannunmu?

Mushe_Laouali:
Assalamu alaikum jama'a. Akwai maganar da nake so mu tattauna, tunda a nan akwai manoma, akwai ƴan kasuwa, akwai ɗalibai. Kullum rediyo na zancen sauyin yanayi da rage hayaƙin da ke ɗumama duniya, amma sai ka ji kamar magana ce ta Yamai da manyan tarukan ƙasashen waje. Ni a ganina gari kamar Tasawa, Agye, Mayahi, Gidan Rumji ko Madarunfa, in mutanensa suka haɗa kai, za su iya rage nasu ba tare da jiran wani poroje ba. Tambayata ita ce: ta ina za a fara, kuma wa zai riƙe abin?

Kabukabu_Zaria2:
Wa alaikumus salam Mushe. Da girmanka, amma wane hayaƙi? Na salansar babur ɗina Kasea? Waɗanda suka ɓata sama suna can da masana'antunsu da jiragensu, mu da ko kuran bai ishe mu ba za a ce mu rage? Su biya mu ɓarnar da suka yi tukuna.

Zeinabou_Agro:
Yaya mai kabu-kabu, rabin maganarka gaskiya ce. In ana lissafin iskar kabon da ke fita daga ƙona esansi, gazuwal da kwal, ɗan Nijar ɗaya yana fitar da wajen kilo 100 ne a shekara, Ba'amurke ɗaya kuwa wajen ton 14. Afirka duka ba ta wuce kashi 4 cikin 100 na abin da duniya ke fitarwa ba.

Sai dai namu ba ta salansa yake fita ba. Fiye da kashi 80 cikin 100 na abin da Nijar ke fitarwa daga noma, kiwo da saran daji yake. Busasshen icce kusan rabin nauyinsa kabon ne da bishiyar ta zuƙo daga iska tana girma. In an sare an ƙone, ya koma sama. In wata ta tsiro a gurbinta, ta sake zuƙe shi. Matsalar tana inda ake sara ba a mayarwa.

Kiari_MaiShago:
Kiwo kika ce, ƙanwata? Alhamdulillahi, yau an kama mai laifi. Ina Jabbi? Fito ka yi wa jama'a bayani, ashe shanunka ne suka hana mu barci da zafi.

Jabbi_Bermo:
Babarbare, da ba don nonon shanun nan ba da me za ka dama furar da ta tsayar maka da ƙafafu? Bawa ba ya tuhumar ubangidansa a gaban mutane.

Amma Zeinabou, da gaske nake tambaya, yaya saniya ke ɗumama duniya?

Zeinabou_Agro:
Kawu Jabbi, a tumbinta abin yake. In tana narka ciyawa ana samun wata iska, metan, tana fitar da ita ta gyatsa. Kilo ɗaya na metan yana riƙe zafi kamar kilo 28 na iskar kabon in an auna tsawon shekara 100. Ba ana nufin a daina kiwo ba. Saniyar da ke samun harawa, dusa da ƴaƴan gawo tana ba da nono da yawa, don haka abin da take fitarwa a kan kowace lita ya fi na ramammiya ƙanƙanta.

Baba_Agye:
Mushe, abin da kake tambaya ai an yi shi ƙasar ga, kuma ba da kuɗin kowa ya tsaya ba. Yaran da anka haifa bayan yunwar El Buhari ba su san yadda daji ya koma ba. Shekarar 1984 in ka tsaya bakin gari kana hango mai tahowa tun daga nesa, babu iccen da za ya kare shi. Iskar farkon damina ta zo da rairai ta binne hatsi yana ɗan tsiro, ka sake shibka, ka kuma sakewa. Lokacin nan manomin kirki shi ne wanda ya share gonarshi ƙal, ya tara sabara ya cinna wuta.

Wani Bature ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, da ke aiki da mishan ta SIM nan Maraɗi, shi ya fara jan hankalin mutane wajen 1983 cewa kututturan da muke sarewa duk shekara ba su mutu ba, saiwarsu na nan ƙasa da ƙarfinta. Ba dashe za ka yi ba, ba ban ruwa. In sabara ko kalgo ko magarya ta yi toho, ka duba rassan da sunka fi miƙewa, ka bar biyu zuwa biyar, ka cire sauran. Waɗanda ka bari ka rage musu ƙananan rassa na ƙasa, da wuƙa ko gatari mai kaifi, kana yankowa daga ƙasa zuwa sama don kar ɓawon ya ɗaye ya bi jikin iccen. Shekara ta zagayo ka koma ka gyara. Abin da ka cire shi ne iccen girkin gidanka. Wannan shi ne sassaben zamani.

Da farko dariya anka yi wa masu yi, ana ce musu ƙazaman manoma. Da yunwa ta zo anka haɗa shi da rabon abinci, kowa ya bar icce don buhun tsaba. Rabo na ƙarewa, mafi yawa sunka bi sunka sare. Ƴan kaɗan da sunka bari su ne hatsinsu ya tsira daga iska, matansu sunka daina doguwar tafiya neman icce. Maƙwabci ya leƙo ta kan iyaka ya gani, shi ma ya bari. Haka ta bazu, gona zuwa gona.

Zeinabou_Agro:
Allah ya ƙara girma Baba. Masu binciken da suka duba hotunan tauraron ɗan'adam sun kiyasta hekta miliyan 5 da bishiyoyi wajen miliyan 200, akasari a jihohin Maraɗi da Damagaram. Duk duniya ana kafa misali da shi, Rinaudo ma ya samu babbar lambar yabo a Suwidin a 2018 saboda wannan aikin. Kuma kar a manta a nan garin Maraɗi aka yi babban taron ƙasa kan yaƙi da hamada a watan Mayun 1984, zamanin Seyni Kountché. Amma ni abin da na ɗauka daga karatuna shi ne, abin ya kama ne sa'ad da manomi ya tabbata iccen gonarsa nasa ne. Da can duk icce na gwamnati ne, ka sare reshe a gonarka a ci ka tara, to wa zai raini abin da zai jawo masa tara? Aka sassauta sannu a hankali, har dokar daji ta 2004 ta zo.

Jabbi_Bermo:
Baba, ban ƙi taka ba, amma a faɗi ɗaya gefen. Da icce ya zama na mai gona, mu ne muka zama ɓarayi. Gawon da kakana ke sassaƙo wa bisashe ganye da rani, yau in yaro ya taɓa sai gaban mai gari. Burtali kuma kullum ƙara tsukewa yake. In za a yi haɗin kan gari a bar makiyayi waje, da dare za a sare abin da aka raina da rana, kuma ba mu kaɗai ke yi ba.

Baba_Agye:
Gaskiyarka Jabbi. Shi ya sa mutanen Ɗan Saga, nan ƙasar Agye, da sunka kafa kwamitin tsaron icce sunka sa mata ciki, sunka sa Filani ciki. Doka a bainar jama'a anka yi ta, kowa ya ji tarar da kunnenshi. Wanda anka zauna da shi anka yanke magana, da wuya ya zo da gatari da dare.

Maman_Rabi:
Tun ɗazu maza ke ta bayani, alhali mu ke shan hayaƙin. Ku zo madafa da hantsi lokacin damina, icce ɗanye, kina hurawa ido na hawaye, goyo a baya yana tari.

Murhun duwatsu uku yawancin wutarsa iska ke kwashewa ta gefe. Murhun laka irin Albarka, ko na ƙarfe Mai Sauƙi da maƙera ke yi, yana tsare wutar a gindin tukunya, iccen da ke yi miki kwana biyu sai ya kai uku ko fiye. Wannan ba labari aka ba ni ba.

Maganar haɗin kai kuwa, Mushe, mu mun riga ku. Asusun Mata Masu Dubara a jihar nan aka fara shi a 1991 da tallafin CARE, yau har wasu ƙasashe sun kwaikwaya. A ƙungiyarmu da shi muka sayi butalin gaz, duk zagaye mace ɗaya ta ɗauka. Abin da ke hana mata gaz ba cikawar ba ce, kuɗin butalin farko ne da kan murhun, a dunƙule. Asusu ya warware wannan.

Hadiza_Bagalam:
Maman Rabi, gaz na shayi ne da miya da ɗumame. Gidanmu mutum goma sha ne, ki ɗora babbar tukunya kan ƙaramin butali ki ce za ki tuƙa tuwo? Muciya na shiga tukunyar na rawa, sai wata ta riƙe miki kunnuwanta da tsumma. Ga surukata ta rantse tuwon gaz ba ya nuna. Sannan farashin hukuma na mai kilo 6 jikka ɗaya da dala ɗari da sittin ne, amma ranar da ya yi wuya wani mai shago ya ce min babu, na juya zan tafi ya ce akwai na wani in zan ƙara. Na koma wa iccena.

Maman_Rabi:
Ai ban ce ki jefar da murhu ba, ƙawata. Tuwo a na laka, sauran a gaz. Surukar kuma kar ki gaya mata.

MaiIcce_Madarunfa:
Ina jinku. Kowa ya koma gaz, mu da ƴaƴanmu mu ci me? Kuma ku sani ba kowane mai icce ne ɗan ɓarna ba. Tun dokar 1992 aka kafa kasuwannin icce na karkara, dajin Baban Rafi na cikinsu. Ƙauye ke riƙe da yankinsa, a raba shi kashi-kashi, bana a sari nan a bar can ya huta, akwai adadin da ba a wucewa, harajin kuma a raba tsakanin ƙauye, ƙaramar hukuma da gwamnati. Tsarin ba shi da laifi. Abin da ya raunana shi, birni ya ƙaru, buƙata ta ninka, ga masu shiga ta bayan fage, ga rashin tsaro da ya sa mai sa ido ba ya iya kutsawa ko'ina. In kuna neman babban mai cin daji, ku dubi gawayi. Kafin a samu kilo ɗaya sai an ƙone icce kilo biyar ko fiye, kuma kirya suke bi, wadda ba ta girma da wuri.

Kiari_MaiShago:
To an zo kan masu shayi. Na yi shiru.

Lambu_Jiratawa:
Bari in kawo ta ɓangarenmu. Mu masu lambu injin ban ruwa ke cinye ribar. Da Najeriya ta cire tallafin mai a 2023, na bakin hanya ya daina araha, da yawa suka juya injinsu ya koma aiki da butalin gaz. Sai ga ƙarancin esansi na watan Maris 2025, tsakiyar zafi, lokacin da kayan lambu suka fi son ruwa. Mu huɗu masu maƙwabtaka muka haɗa kuɗi muka sa panno na hasken rana da famfo a rijiya ɗaya. Babu hayaƙi, babu ƙara, babu layin gidan mai. Amma kar in ɓoye muku, rigimar ba ta ƙare ba, salo ta sake. Rana ta fi ƙarfi daga hantsi zuwa azahar, kowa lokacin yake so. Sai da muka rubuta kwanaki a takarda muka ajiye wajen limamin unguwa.

Moussa_Solaire:
Alhaji na Jiratawa, dabarar ita ce ku gina tafki ko ku ɗora tanki, famfo ya cika shi da rana, mai layin yamma ya sha daga nan. Ba kwa buƙatar batir, shi ne ke saurin mutuwa da zafin nan namu. Ku riƙa share fuskar panno da sassafe, musamman da hunturu, ƙura na rage masa ƙarfi sosai. Kuma ku lura da abu ɗaya: da ruwa ya zama kamar kyauta, mutane na barin famfo yana zuba yini guda. Ruwan ƙasan gulbi ba ya ƙaruwa don an daina sayen mai.

Tun da Najeriya ta yanke mana wuta a watan Agustan 2023 mutane suka gane amfanin rana. Masu injin niƙa da masu walda ne har yanzu ke kan gazuwal, su ma in sun haɗu layi ɗaya a kasuwa za su iya.

Kabukabu_Zaria2:
Kun ga abin da nake faɗa? Alhaji bai sa panno don duniya ba, don aljihunsa ya sa. Maman Rabi don idonta. Baba don hatsinsa. To a daina ce mana "rage hayaƙi", a ce mana ga inda za ku rage kashe kuɗi.

Mushe_Laouali:
Ƙanena, in an rage ai an rage, ko da wace niyya. Amma duba da kyau, a cikin ukun da ka lissafa babu wanda ya yi shi kaɗai. Wannan ne nake nema.

Sarkin_Fawa_Ƙarami:
Ba wanda ya taɓo leda. Ni mahauci ne. Ka yanka akuyar gari, ka buɗe tumbi, ka ciro dunƙulen baƙar leda a murɗe da igiya da tsumma, ya yi tauri, wani sai ka sa hannu biyu. Mai ita yana ta ba ta dusa yana mamakin ramarta. Dokar hana irin wannan leda tun 2014 take, amma je ka sayi barkonon dala biyar ka gani a me za a ƙulla maka. Da yamma kuma kowace unguwa a cinna wa bola wuta, hayaƙin ya kwanta kan gari har isha'i.

Zeinabou_Agro:
Bolar nan kuwa dukiya ce ake ƙonawa. Yawancinta toka ce, kashin awaki, ɓawo da rairai, abin da masu amalanke ke kai wa manoma gona. Ledar ce ke ɓata ta. Da kowane gida zai ware leda gefe, sauran a zuba ramin taki a riƙa juyawa, da mai amalanke ya samu kaya mai tsada, manomi ya rage sayen takin zamani. In an bar ta tsibi guda ruwa ya jiƙa ta ta ruɓe ba iska, ita ma metan take fitarwa.

Hadiza_Bagalam:
Ledar nan ce ke toshe magudanan ruwa. Wanda ya ga ruwan ƙarshen watan Agustan 2024 a garin nan ba sai an yi masa wa'azi ba. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu.

Malam_Sani_Limanci:
Amin ya Allah. Jama'a, a addinance ma maganar a fili take. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Musulmin da ya dasa itace ko ya yi shuka, mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci, sadaka ce gare shi. Kuma an hana cutar da maƙwabci, hayaƙin bolarka da ke shiga ɗakinsa yana ciki. Abin da nake gani kuskure shi ne dashen ranar 3 ga Agusta, ranar bikin dashen itace ta ƙasa: a dasa, a ɗau hoto, a watse, kafin kaka awaki sun gama da shi. Da kowane masallaci da lekwal za su karɓi goma kacal, a san sunan mai ba kowanne ruwa har ya fi ƙarfin akuya, da ya fi dubun da ba mai su.

Kabukabu_Zaria2:
Allah gafarta Malam, na karɓa. Amma ina nan kan bakata. Bishiya miliyan 200 tana shanye hayaƙin wasu, ina ladan manomi na nan duniya? Na ji ana sayar da kabon ɗin.

Zeinabou_Agro:
Ana sayarwa, wato masu fitar da hayaƙi su biya kuɗin kabon da bishiyoyi suka zuƙe. A Humbo ta ƙasar Habasha, da irin wannan sassaben suka farfaɗo da daji, kuma ƙungiyoyin ƙauyukan sun karɓi kuɗin kabon ta hannun Bankin Duniya. Amma can fili guda ne na jama'a, aunawa da sauƙi. Namu ƴan gonaki ne dubbai, kowace da mai ita. Manomi ɗaya ba zai iya biyan masu awo ba, sai an haɗu ƙungiya mai rajista.

Ɗan_Tasawa:
A yi hattara dai. Wasu sun zo ƙauyen kakannina da mota da na'ura, suka auna kaurin itatuwa, suka ɗau hoton tsofaffi, aka dangwala hannu a takardar da ba wanda ya karanta. Har yau ko ƙurarsu. Duk wanda ya zo da takarda kan gonarka, a nemo mai karatu na gida ya karanta a gaban mai gari, a ji shekara nawa ce, kuma ko za a hana ka saran reshenka.

Baba_Agye:
Kun ji abin da na ce game da buhun tsaba. Iccen da anka bari don kuɗin baƙo, ranar da kuɗin ya tsaya gatari za ya ci shi. In ya zo, a karɓa, amma kar a gina kai.

Mushe_Laouali:
To mu dawo kan tambayar. Na ji ta ina za a fara, kowa ya kawo nasa. Wa zai riƙe? Ni ina ganin kwamitin unguwa ko na ƙauye, da mai gari, da liman, da wakiliyar asusun mata, da makiyayi, da mai icce. Ma'aikatar magajin gari ta ba da fili na ramin taki, ta sa hannu a dokar.

Ɗan_Tasawa:
Mushe, kwamiti nawa aka kafa a ƙasar nan? Da an ce kwamiti sai a fara tambayar kuɗin zama. Kuma da siyasa ta shiga, shi ke nan. Wa zai riƙe kuɗin tara?

Jabbi_Bermo:
Ba Babarbare ba dai.

Kiari_MaiShago:
A ba mata. Ban taɓa jin akwatin asusu ya yi ƙafa ba, makullinsa ma ba hannu ɗaya yake ba.

MaiIcce_Madarunfa:
A ba su, amma a sa mu a zaman tun farko, ba sai an gama yanke hukunci a kira mu a karanta mana ba. Kuma har yanzu ba wanda ya ce min abin da mai icce zai koma yi.

Maman_Rabi:
Ba mu ƙi riƙewa ba, in za ku bar mu mu yi magana a zaman, ba a ajiye mu bayan tabarma ba. Kafin ku gama kafa kwamitinku, Hadiza, in kina son murhun lakar ki zo ranar da ba ta kasuwa ba, Litinin da Juma'a ba na gida. Ki sa yara su kawo laka da kashin jaki da ɗan ƙaiƙayi a jiƙa tun kwana biyu kafin nan. Ki taho da tukunyar tuwon taki, don a jikinta ake auna bakin murhun.